Gidan Kula da Tsofaffi, Gidan Jinya, Mai Kula a Gida ko Komawa Najeriya: Zaɓin Iyalin Mai Ciwon Mantuwa a Ingila

Ba a rana ɗaya dabarar gida ke ƙarewa ba. Yau an tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus a kan murhu, mako mai zuwa 'yan sanda sun dawo da Baba daga tashar bas da ƙarfe uku na dare, daga shi sai jallabiya cikin sanyin Janairu, yana cewa masallaci zai tafi kada Asuba ta wuce shi. Bayan wata guda kuma 'yar da ke ɗawainiya da shi ta fara tafka kuskure a wurin aiki, domin ta yi watanni rabonta da barcin kirki. A wannan gaɓa ce iyali ke zama su tambayi juna abin yi.

Hausawan da suka zo Ingila karatu ko aiki a shekarun 1960 da 1970 suka zauna yanzu sun manyanta, kuma ciwon mantuwa, wanda a gida muke kira gigin tsufa, ya fara shiga gidajensu. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa mai ci gaba a hankali, kuma ƙungiyar Alzheimer's Society ta ƙiyasta cewa a 2024 kimanin mutum 982,000 ke fama da ita a Birtaniya. Bayanin da ke tafe ya shafi Ingila kaɗai, domin Scotland da Wales suna da nasu ƙa'idojin biyan kuɗi, kuma ya shafi dattijon da ke da takardar ɗan ƙasa ko izinin zama na dindindin.

Na san nauyin da kalmar gidan gajiyayyu ke da shi a kunnen Bahaushe. A Kano ko Zariya, wanda ake kaiwa can shi ne wanda ba shi da kowa, don haka ɗan da ya ambaci maganar yakan ji kamar ya saɓa wa iyayensa. A ganina haƙƙin iyaye shi ne su samu kulawa, tsabta, aminci da ganin 'ya'yansu, kuma da wannan ya kamata a auna kowane zaɓi, har da barinsu a gida.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko shi ne matakin da ciwon ya kai da inda ya dosa. Cutar Alzheimer takan tafi sannu a hankali. Nau'in da ke biyo bayan toshewar hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ke haddasawa, yakan tsaya na wani lokaci sannan ya faɗa gaba ɗaya. Nau'in Lewy kuwa yana zuwa da gane-gane da yawan faɗuwa, kuma magungunan kwantar da hankali masu ƙarfi suna iya yi wa mai shi mummunar illa. A ƙarƙashin dokar kulawa ta 2014, ƙaramar hukuma tilas ta auna buƙatun duk wanda ake ganin yana buƙatar taimako, kyauta, ko nawa ya mallaka. Ranar da jami'in ya zo, iyali su tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: idan Baba yana fitsarin kwance, ko ya taɓa ɗaga wa Mama hannu cikin ruɗewa, a faɗa, domin abin da aka ɓoye don kunya ba zai shiga lissafin taimakon ba.

Na biyu shi ne dare. Masu wannan ciwo da yawa sukan rikice daga la'asar zuwa magariba, su kuma tashi cikin dare suna neman fita. Duk tsarin da bai amsa tambayar wane ne a farke da ƙarfe uku ba, bai cika ba.

Na uku, kuma shi ne wanda takardun hukuma suka fi gajarta magana a kansa, shi ne harshe da addini. Ciwon yakan fara kwashe harshen da mutum ya koya daga baya, ya bar masa na uwa. Na taɓa ziyartar wani dattijo da ya koyar a Ingila fiye da shekara talatin, wanda Turancinsa ya zube har ya rage masa kalmomi kaɗan. Ma'aikatan gidan da yake sun rubuta a fayil ɗinsa cewa yana da ɗabi'ar wasa da famfo, yana jiƙa hannun riga da ƙafafu yana malale ƙasa da ruwa, sai suka riƙa kulle banɗakin, shi kuma ya riƙa bugun ƙofa yana faɗa, har aka fara maganar ba shi maganin kwantar da hankali. 'Yarsa ta zo wata rana da azahar ta gani da idonta, ta ce musu alwala yake yi. Aka kawo buta da kujerar roba da darduma, aka nuna masa gabas, bugun ƙofar ya tsaya. Ma'aikatan nan ba mugaye ba ne, ba su dai san abin da suke kallo ba. A wannan ma'auni ne za a tambayi naman halal, da tsarki da ruwa bayan bayan-gida, da kuma ko za a tabbatar mace ce ke yi wa Hajiya wanka, namiji ke yi wa Alhaji.

Na huɗu kuɗi ne, na biyar kusanci da iyali, na shida ɗorewa, wato ko wurin zai riƙe shi har ƙarshe. Kowace ƙaura tana ƙara wa mai wannan ciwo ruɗewa, saboda haka zaɓin da zai tilasta sake tashi bayan shekara guda yana da tsadar da ba a rubuta a takardar farashi ba.

Yadda lissafin kuɗi yake

A Ingila magani kyauta ne a ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, amma wanka da ciyarwa da tsaro sai an duba aljihun mutum. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. Tsakanin fam 14,250 da 23,250 ƙaramar hukuma na taimakawa, shi kuma ya ƙara fam 1 a mako a kan kowane fam 250. Ƙasa da fam 14,250 ba a taɓa ajiyarsa, sai dai mafi yawan fanshonsa ya tafi wajen biyan gidan. Waɗannan iyakoki ba su motsa ba tun 2010, kuma shirin sa iyakar fam 86,000 ga abin da mutum zai kashe a rayuwarsa an soke shi a Yulin 2024.

Batun gida shi ne ke raba zaɓuɓɓukan. Idan ana kula da mutum a cikin gidansa, ba a sa darajar gidan a lissafi. Idan ya koma gidan kula da tsofaffi na dindindin, ana sawa bayan mako 12 na farko, sai fa idan matarsa ko mijinta, ko ɗan'uwa mai shekara 60 zuwa sama, ko mai naƙasa, na zaune a ciki. Ƙaramar hukuma na iya biya bashi ta karɓa bayan an sayar da gidan, amma bashin yana da ruwa, abin da iyalin Musulmi za su so su tambayi malami a kai tun kafin sa hannu. Mayar da gidan sunan 'ya'ya don kauce wa biya kuwa ba ya fidda kai, domin hukuma na da ikon lissafa shi kamar har yanzu na Baba ne.

Akwai tallafi uku da ya kamata a nema da sunansu. Attendance Allowance na masu buƙatar kulawa ne da suka kai shekarun fansho, ba a duba dukiya, kuma a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 fam 73.90 ne ko fam 110.40 a mako. Na biyu shi ne Funded Nursing Care, kuɗin da NHS ke biyan gidan jinya kai tsaye domin aikin nas, wanda a shekarar 2025 zuwa 2026 ya kai kimanin fam 254 a mako. Sai Continuing Healthcare, inda NHS ke ɗaukar komai idan aka tabbatar asalin buƙatar mutum ta lafiya ce. Samun takardar likita cewa yana da ciwon mantuwa kaɗai bai isa a ba shi wannan ba, kuma ana sake dubawa bayan wata uku, daga nan duk shekara.

Gidan kula da tsofaffi mai sashen masu mantuwa

Nan akwai ma'aikata dare da rana, da abinci da wanka da ba da magani, amma babu nas a cikin gidan. Likitan unguwa da nas-nas na gunduma ne ke zuwa daga waje. Ga mai biya wa kansa farashi yakan haura fam 1,000 a mako, a Landan da kudancin ƙasar kuma ya zarce haka sosai. Binciken hukumar kula da gasar kasuwanci na 2017 ya gano cewa masu biya wa kansu suna biyan kimanin kashi 41 cikin ɗari fiye da abin da ƙananan hukumomi ke biya a gida ɗaya. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci kafin sa hannu ita ce: idan kuɗin Baba ya sauka zuwa fam 23,250, za ku riƙe shi a farashin hukuma, ko iyali za su riƙa cika gibin, ko za a ce ya tashi? A nemi amsar a rubuce, tare da yadda ake ƙara kuɗi duk shekara.

Hukumar CQC ce ke duba gidajen tana ba su ɗaya daga matakai huɗu, daga mafi inganci zuwa wanda bai cancanta ba, kuma rahotanninta a buɗe suke a intanet. A duba kwanan watan rahoton, domin binciken Dakta Penny Dash na 2024 ya nuna cewa wasu wurare sun yi shekaru ba a sake duba su ba. Gani ya kori ji. A je sau biyu ko uku, sau ɗaya lokacin cin abincin rana, sau ɗaya da yamma liƙis ba tare da sanarwa ba. Kyawun fitilu da furannin zaure na baƙi ne. Abin dubawa shi ne ko ma'aikaciya na durƙusawa ta haɗa ido da tsohuwa idan za ta yi mata magana, ko akwai mai zama ya ciyar da wanda ya manta yadda ake riƙe cokali, ko kofin ruwa na kusa da hannu, ko kuwa an jera kowa gaban talabijin suna gyangyaɗi da hantsi. A tambayi ma'aikata nawa ke kwana, shekara nawa manaja ya yi a wurin, da kuma mutum nawa ke shan maganin kwantar da hankali mai ƙarfi. Maganin risperidone, alal misali, izininsa ga masu Alzheimer na mako shida ne, kuma yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Ta fuskar harshe, an samu sauƙin da babu shi a da, domin tun 2022 'yan Najeriya da Ghana da yawa sun shiga aikin kula da tsofaffi a Ingila, kuma a cikinsu akwai masu jin Hausa. A tambaya kai tsaye. Raunin wannan zaɓi yana wajen ɗorewa: idan haɗiya ta gagara, ko gyambon kwanciya ya fito, ko rikici ya tsananta, gidan na iya cewa ya fi ƙarfinsa.

Gidan jinya

Bambancinsa da na farko shi ne nas mai rajista na nan awa 24. Ya fi tsada da fam ɗari da yawa a mako, ko da yake kuɗin nas da NHS ke biya yana rage wani abu. Shi ne mafi ɗorewa a cikin huɗun, domin yana iya riƙe mutum har ajali, kuma yana rage yawan kwasar mara lafiya zuwa asibiti cikin dare. Sai dai ga dattijon da ke da ƙarfinsa, mai son hira da yawo, zama cikin waɗanda yawancinsu suna kwance yana iya dusashe shi da wuri. Shi ya sa nake fifita gidan da ya haɗa sassan biyu a haraba ɗaya, inda ƙaura ba ta wuce sauya bene ba, fuskokin ma'aikata kuma sanannu ne. Tun ranar shiga a rubuta abin da iyali ke so idan rai ya yi halinsa: wa za a kira, wane masallaci ne zai ɗauki gawa, da cewa ana son jana'iza cikin gaggawa.

Mai kula da ke zama a gida

Wannan ne ya fi kusa da zuciyar yawancinmu. Baba na ɗakinsa, da ƙamshin girkin da ya sani, jikoki na shige da fice, kuma darajar gidan ba ta shiga lissafin hukuma. Farashin kamfani yakan yi kusa da na gidan kula da tsofaffi, ga kuɗin abinci da wuta da ɗumama gida da ke nan daram. Idan mata da miji ne duka ke buƙatar kulawa, nan ne ya fi araha ƙwarai.

Inda yake karyewa shi ne dare. Mai kula mutum ne, yana buƙatar ɗakinsa, da hutun wasu awanni kullum, da barci, da wanda zai canje shi bayan 'yan makonni. Idan Baba na tashi sau huɗu ko biyar a dare, sai an ɗauki na biyu mai kwana a farke, kuɗin kuma ya tashi fiye da na gidan jinya. Akwai kuma bambanci tsakanin kamfanin da ke gudanar da aikin, wanda CQC ke dubawa, da wanda ke haɗa ku da ma'aikaci kawai ya janye. Wanda ya ɗauki mutum da kansa ya zama uban aiki, haraji da fansho da inshora na wuyansa. Shawarar da dangi ke yawan bayarwa ta a ɗauko wata 'yar'uwa daga gida ta zo ta riƙe Mama ba ta da ƙofa a doka: bizar ziyara ba ta halatta aiki, kuma an rufe ɗaukar masu wannan aiki daga ƙasashen waje a Yulin 2025.

Komawa Najeriya

Ba zaɓin wasa ba ne, kuma na ga inda ya yi kyau. Kiran salla na shigowa ta taga, kowa na jin abin da Baba ke faɗa, tuwo da kunu na zuwa a kan lokaci, maƙwabta na leƙowa gaisuwa, kuma abin da ake biya a mako ɗaya a Ingila zai ɗauki masu kula biyu ko uku na tsawon lokaci. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri.

Haɗarin kuwa a bayyane yake. Masu kula da aka horar a kan wannan ciwo ƙalilan ne, kuma babu mai zuwa dubawa sai ku. Inda ba a fahimci cutar ba, akan ɗauke ta hauka ko sammu, a kulle tsoho a ɗaki da sunan kare mutuncin gida. Zafin Afrilu da ɗaukewar wuta na iya ƙarar da ruwan jikin wanda ya manta da ƙishirwa, kuma magani irin su donepezil da memantine sai an tabbatar da ingancinsa da samuwarsa kowane wata. Ɗawainiyar takan faɗa kan mace ɗaya, suruka ko 'ya, wadda ba a tambayi ra'ayinta ba lokacin da maza suka yanke shawara. Ta fuskar takardu, fanshon gwamnatin Birtaniya zai ci gaba da zuwa amma ba za a ƙara masa komai duk shekara ba, Attendance Allowance zai tsaya, kuma izinin zama na dindindin yakan faɗi bayan shekara biyu a waje. Sannan a tambayi kai wane gida Baba ke nufi idan ya ce a kai shi gida. Sau da yawa gidan mahaifiyarsa na shekara sittin baya yake nema, kuma zai ci gaba da nemansa ko a tsakiyar Kano.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin shiryawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gidan kula da tsofaffi | Sama da fam 1,000 a mako. Ana lissafa gida | Matsakaiciya | Mai sauƙi idan akwai gurbi | Rashin harshe. Sake ƙaura |
| Gidan jinya | Ya fi tsada. NHS na biyan rabon nas | Har ƙarshen rai | Sai an auna buƙatar jinya | Dusashewar mai sauran ƙarfi |
| Mai kula a gida | Kusan na farko. Ba a lissafa gida | Tana karyewa idan dare ya rikice | Yana buƙatar ɗaki da sa ido | Dogaro da mutum ɗaya |
| Komawa Najeriya | Mafi araha | Ta dogara ga dangin da ke can | Mai wuya, da wahalar dawowa | Rashin horo da rashin mai dubawa |

Kowanne aka zaɓa, sai da ikon zartar da shi. Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ba mutum damar naɗa wakili tun hankalinsa na tare da shi, ta takardar Lasting Power of Attorney, ɗaya ta dukiya, ɗaya ta lafiya da wurin zama. Idan aka makara, sai an bi ta kotu, abin da ke cin watanni da kuɗi, kuma kasancewarka babban ɗa ba ya ba ka ikon taɓa asusun bankin mahaifinka.

Wane ne ya dace da wane

Dattijon da ke barcin dare, yake gane gidansa, kuma akwai ɗakin baƙo da ɗa ko 'ya a kusa mai sa ido, ya fi dacewa da mai kula a gida, musamman idan matarsa na raye tare da shi. Wanda ke da ƙarfin jiki amma yana fita cikin dare, ko mai kula da shi ta kai ga rashin lafiya, gidan kula da tsofaffi mai sashen masu mantuwa ya fi masa, kuma tsakanin gida mai matsayi mafi inganci da ke nisan awa ɗaya da mai kyau da ke nisan minti goma, zan ɗauki na kusa. Zumunci a ƙafa yake, kuma ɗan da ke iya leƙawa kullum bayan Magariba da kwanon tuwo yana ganin abin da mai duba na hukuma ba zai gani ba. Tun Afrilun 2024 ba wa iyali damar ziyara ya zama sharaɗin da CQC ke bin gidaje da shi.

Wanda ciwon ya haɗe masa da shanyewar ɓarin jiki, ko wahalar haɗiya, ko ciwon suga mai buƙatar allura da sa ido, a wuce da shi gidan jinya kai tsaye, a kuma nemi a auna shi don Continuing Healthcare kafin a fara biya. Komawa Najeriya ta dace da wanda ciwonsa ke matakin farko, ya furta da bakinsa cewa can yake so, ya saba zuwa a kai a kai, kuma akwai mutum takamaimai da ya amince da ɗaukar nauyin, aka ware masa albashi da mataimaka. Ga iyalin da suka kasa yanke hukunci tsakanin gida da gidan kula, yawancin gidajen suna karɓar mutum zaman ɗan lokaci na mako biyu zuwa huɗu. A cikin waɗannan makonni a riƙa zuwa a lokuta dabam-dabam, a duba nauyin jikinsa da barcinsa da tsabtar farcensa, sannan a sake zama da 'yan'uwa, har da waɗanda ke Najeriya ta waya.